Abin da ido ke tonawa game da mai karatu

"Assalamu alaikum. Ni malama ce, ina koyar da 'yan aji uku na firamare. Akwai wata ɗalibata da na lura in tana karatu idonta yana yawan komawa baya, wani lokaci har ta maimaita layi, sai nake ganin kamar idon ne ke da matsala. Kwanan nan kuma na ga tallar wani kwas da ya ce zai horar da ido har mutum ya riƙa karanta kalma dubu a minti ɗaya, wai ta hanyar hana shi komawa baya. Shin da gaske ana iya gane abin da ke gudana a kan mai karatu daga motsin idonsa? In haka ne, gyara motsin ido zai gyara karatu?"

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki biyu ce a haɗe, kuma amsoshinsu sun sha bamban. Ko motsin ido yana nuna aikin da ƙwaƙwalwa ke yi lokacin karatu? Ƙwarai kuwa, har ma da wuya a sami wata hanya da ta kai shi nuna wannan aiki daki-daki ba tare da an katse wa mai karatu hanzari ba. Ko gyara motsin zai gyara karatun? A mafi yawan lokuta a'a. Dalili ɗaya ne ya haifi amsoshin biyu: ido umarni yake bi, ƙwaƙwalwa ce ke cewa tsaya ko wuce. Zan bi da ke ta hanyar da aka gano hakan, domin in kika ga yadda aka yi gwaje-gwajen za ki iya auna tallar nan da kanki.

Ido ba ya tafiya sumul

Duk mai karatu yana jin kamar idonsa zamewa yake yi a kan layi daga farko har ƙarshe. Ba haka abin yake ba. Ki sa wani ya ɗaga littafi daidai hancinsa yana karantawa, ki zauna gabansa ki kalli idonsa ta saman littafin. Za ki ga ya tsaya cak, ya yi ɗan tsalle, ya sake tsayawa, haka har ƙarshen layi, sannan ya yi dogon tsalle guda ya dira a farkon layi na gaba. Likitan ido ɗan Faransa, Louis Émile Javal, shi ya ba da rahoton wannan a 1879 daga aikin da aka yi a ɗakin bincikensa. Waɗanda suka biyo baya sun sha wahala kafin su iya auna shi. Edmund Huey na Amurka, wanda littafinsa a kan karatu ya fito a 1908, ɗan ƙoƙon filasta mai huda a tsakiya yake mannawa a kan ƙwayar idon mai karatu, a haɗa shi da siririn tsinke da ke zana motsin a kan takarda mai baƙin hayaƙi. A 1901 ne Raymond Dodge da Thomas Cline suka fito da dabarar ɗaukar hoton hasken da ke dawowa daga ido, ba sai an taɓa shi ba, kuma a kan wannan tushe na'urorin yau suka ginu.

A irin ɗakin binciken da nake aiki, mai karatu yana zama gaban kwamfuta ya ɗora haɓarsa a kan wani ɗan matashi don kada kai ya motsa. Ƙaramar kyamara tana haska idonsa da hasken da mutum ba ya gani, tana auna inda yake kallo har sau dubu a sakan ɗaya. Kafin a fara sai ya bi wasu ɗigo-ɗigo da ido a kusurwoyin allon don na'urar ta san idonsa. Daga nan, in an daidaita ta da kyau, tana iya gaya mana harafin da ya tsaya a kai da tsawon lokacin da ya yi a wurin.

Ga abin da ake samu a wurin babba da ya iya karatu, yana karanta Turanci a zuci. Kowace tsayawa tana ɗaukar milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan) 200 zuwa 250, wato kusan kwatan sakan, ko da yake wata ba ta kai 100 ba, wata kuma ta haura 500. Tsallen kansa milisakan 20 zuwa 40 ne, yana cin harafi 7 zuwa 9. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na tsallen baya suke komawa. A cikin tsalle kuma ba a ɗaukar wani sabon abu daga shafi. Ki tsaya gaban madubi ki kalli idonki na dama, ki koma na hagu: ba za ki taɓa ganin motsin ba, alhali wanda ke tsaye kusa da ke yana ganinsa sarai.

Dalilin tsalle-tsallen yana cikin halittar ido. A tantanin da ke can bayan ido akwai ɗan gurbi a tsakiya, shi kaɗai ne ke ganin abu tar. Faɗin abin da yake ɗauka kusan digiri 2 ne, misalin faɗin babban yatsanki in kika miƙe hannu, wanda a nisan karatu bai wuce harafi 6 zuwa 8 ba. Daga nan gani yana dusashewa da sauri. Dole ne a yi ta ɗauko wannan ɗan gurbi ana ɗora shi a kan kalmomi.

Tagar da ke bin ido

Babban sauyi ya zo a 1975, lokacin da George McConkie da Keith Rayner suka haɗa na'urar bin ido da kwamfuta ta yadda rubutun kan allo zai riƙa canzawa gwargwadon inda ido yake. Sun bar haruffan da ke kewaye da wurin kallo yadda suke, sauran layin kuma suka mayar da shi tarin haruffa marasa ma'ana. Ido na tsalle, tagar na binsa. Sai suka yi ta rage faɗin tagar suna ƙarawa don su ga inda karatu zai fara tangarɗa. Wannan gwaji da waɗanda suka biyo shi sun nuna mai karanta Turanci yana amfana da harafi 3 zuwa 4 a hagun inda ya tsaya, da 14 zuwa 15 a dama. Ko a cikin waɗannan, iyakar inda yake gane kalma sosai bai wuce 7 zuwa 8 ba, sauran tsawon kalma da giɓin da ke tsakani kawai yake hangowa. Daga layin ƙasa kuwa ba ya ɗaukar abin kirki.

Ki lura da karkatar nan, 4 a hagu, 15 a dama. Ido da kansa ba shi da wannan son kai, ƙarfin ganinsa ɗaya ne ta kowane ɓangare. A 1981 Alexander Pollatsek da abokan aikinsa suka gwada mutanen da suka iya Turanci da Ibrananci, wanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu. Mutum ɗaya, ido ɗaya, amma in yana karanta Ibrananci tagar hagu take karkata, in ya koma Turanci ta koma dama. Daga baya an ga haka a Larabci. A Sinanci, inda kowace alama ke ɗauke da ma'ana mai yawa, tagar ba ta wuce alama 1 a hagu da 2 zuwa 3 a dama ba. Tana kuma tsukewa in kalmar da ake kai tana da wuya, ta buɗe in mai sauƙi ce. Ashe hankali ne ke shata ta, shi kuma hankali gaba yake leƙe, inda maganar ta nufa.

A wannan shekara ta 1975 Rayner ya ƙirƙiro wani gwajin da har yau nake jin daɗin nuna wa ɗalibai. Ana shata iyakar da ba a gani a cikin jimla. Kalmar da ke bayan iyakar sai a musanya ta da shirme. Da zarar ido ya yi tsalle ya ƙetare iyakar, kafin ya dira, kwamfuta ta maido da kalmar gaskiya. Yawancin mutane in an gama ka tambaye su ko sun ga wani abu ya canza, sai su ce ko kaɗan. Amma alƙaluma suna nuna sun ƙara milisakan 30 zuwa 50 a kan kalmar, fiye da in an bar su sun hango ta tun daga nesa. Ma'ana, tun kafin ido ya iso kalma ƙwaƙwalwa ta riga ta fara aiki a kanta, ba tare da mai ita ya sani ba.

Me ke riƙe ido a kan kalma?

Abu uku ne suka fi tasiri, kuma an sha tabbatar da su a harsuna daban-daban: tsawon kalma, yawan cin karo da ita a rubutu, da kuma yadda jimla ta share mata hanya. In an ce "ya buɗe ƙofar da mabuɗi", kalmar ƙarshe ba za ta riƙe ido ba, sau da yawa ma tsallake ta ake yi. In an ce "ya buɗe ƙofar da madubi", tsawon ɗaya ne, kamannin ma kusan ɗaya, amma ido zai daɗe. Ƙananan kalmomi masu haɗa jimla, takwarorin "da" da "a" da "na", a Turanci kusan kashi 35 cikin 100 kawai ake tsayawa a kansu, manyan kalmomi masu ɗauke da ma'ana kuma kusan kashi 85. Tsallake kalma ba yana nufin ba a karanta ta ba, an karanta ta ne tun daga tsayawar da ta gabata.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta rubutu mai ɓacewa, wadda Rayner da Simon Liversedge da abokansu suka wallafa a 2003. An shirya kwamfuta ta yadda duk kalmar da ido ya sauka a kai, bayan milisakan 60 sai ta ɓace, wurin ya zama fili. Abu na farko da aka gani shi ne karatu bai lalace ba, mutane sun ci gaba kusan da saurinsu na kullum. Ke nan ɗaukar hoton kalma ba ya cin ko rabin lokacin tsayawa. Abu na biyu ya fi ban mamaki. Ido ya ci gaba da zama a kan wurin da babu komai, kuma in kalmar da ta ɓace baƙuwa ce, ya fi daɗewa a kan filin fiye da in sananniya ce. Ba abin da yake kallo, jira yake a sallame shi. Duk wanda ya fahimci wannan gwaji ba zai ƙara yarda cewa jinkirin karatu daga kasalar ido yake ba.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, a nan kuwa ido ake tambaya, kuma Marcel Just da Patricia Carpenter na Jami'ar Carnegie Mellon sun mayar da kusan wannan magana ƙa'idar bincike a 1980: ido yana zama a kan kalma muddin ƙwaƙwalwa na aiki a kanta. Ƙa'idar ta yi amfani ƙwarai, sai dai ba ta cika cif ba. Mun riga mun ga hankali yana riga ido gaba. Yakan kuma makara a baya, ta yadda wahalar kalma ɗaya sai ta bayyana a kan wadda ke biye da ita. A ƙarshen jimla ma ido yakan ɗan jinkirta, ana ɗaure ma'ana kafin a wuce. Saboda haka ne ba ma dogara da awo ɗaya. Muna raba tsayawar farko a kan kalma, da jimillar lokacin kafin a bar ta, da duk lokacin da aka kashe har da dawowa. Na farko yana ba da labarin gane kalmar, na ƙarshe yana ba da labarin haɗa ta da sauran zance.

Akwai gardamar da har yanzu ba a kashe ba. Masu tsarin kwamfuta mai kwaikwayon motsin ido a karatu da ake kira E-Z Reader, wanda Erik Reichle da abokansa suka gabatar a 1998, suna cewa kalma ɗaya-ɗaya ake ganewa, bi da bi. Masu tsarin SWIFT na Jami'ar Potsdam a Jamus, Ralf Engbert da Reinhold Kliegl, suna cewa ana taɓa kalmomi biyu ko uku a lokaci guda. Kowane ɓangare yana da sakamakon da ke ba ɗayan ciwon kai. Amma don tambayarki, ki lura ko masu ra'ayi na biyu kalmomi kaɗan suke magana a kai, babu mai cewa layi guda, balle sakin layi.

Komawa baya, da batun kalma dubu

Komawa baya iri-iri ce. Akwai 'yar gajera, ta harafi kaɗan, wadda gyaran tsalle ne kawai, ido ya zarce inda ya nufa ya dawo. Akwai doguwa, wadda ke faruwa in fahimta ta ci tura. Lyn Frazier da Rayner sun nuna wannan a 1982 da jimlolin da ke jan mai karatu zuwa wata ma'ana sannan su juye masa. Ga misali da Hausa: "Abin da ya zana yana da wuya dogo da ƙafafu huɗu." Da kika kai "yana da wuya", mai yiwuwa wahala ce ta zo miki a rai. "Dogo" ne ya ce miki a'a, wuyan jiki ake nufi. A baki karin sauti ya raba su, a rubutu babu abin da ya raba. A irin wannan wuri alƙaluma suna nuna doguwar tsayawa a kan kalmar da ta tona kuskuren, sannan sau da yawa ido ya koma, ba kuma da lalube ba, kai tsaye kusa da inda aka ɓata hanya. Mai yin haka yana bibiyar abin da yake karantawa. Wanda ya wuce sumul bai ji komai ba, shi ne abin damuwa.

An ma gwada ainihin abin da kwas ɗin nan ke talla. A 2014 Elizabeth Schotter da Randy Tran da Rayner suka sa kwamfuta tana rufe kowace kalma da zarar ido ya wuce ta, don komawa baya ta zama banza. Fahimta ta ragu, ba a jimloli masu ruɗi kaɗai ba, har a na yau da kullum. Wannan ya shafi manhajojin waya masu watso kalma ɗaya-ɗaya a tsakiyar allo, domin su ma hanyar komawa suke toshewa.

Sai mu yi lissafi. Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent ya tattara bincike 190 a 2019, ya samu matsakaicin saurin babba a karatun zuci na Turanci kalma 238 ne a minti in ba labarin ƙirƙira ba ne, 260 in labari ne, daga wasu bincike 77 kuma ya samu 183 in da murya ne. Kalma dubu a minti na nufin kusan 17 a sakan. Ido yana tsayawa kamar sau 4 a sakan. Ke nan kowace tsayawa sai ta kwashi kalma 4 ko fiye, alhali mun ga iyakar gane kalma harafi 7 zuwa 8 ne. Lissafin ba ya fita. Ko da an kawar da tsalle-tsallen gaba ɗaya, ɗan ƙaramin kaso ne na lokacin karatu, mafi yawa a tsaye ake kashe shi ana jiran ƙwaƙwalwa. Just da Carpenter da Michael Masson sun taɓa sa masu horon saurin karatu a gaban na'ura. Suna gudu da kalma 600 zuwa 700 a minti, suna kawo jigon magana ba laifi, amma in aka tambaye su bayanin da ke wurin da idonsu bai sauka ba sai su yi shiru. Wani dogon nazari da Rayner da abokansa huɗu suka fitar a 2016 ya tsaya a kan matsaya ɗaya: in sauri ya ninka, fahimta ce ke biya. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ban ce kwas ɗin ba ya koyar da komai ba. Abin da yake koyarwa shi ne kurɓa-kurɓa, a duba kanun magana da farkon sakin layi a tsinci jigo, kuma wannan fasaha ce mai amfani ga wanda ke da tulin takardu a gabansa. Laifin shi ne kiranta karatu da alkawarin ba abin da za a rasa. Haka shawarar da masu irin wannan kwas ke bayarwa cewa a kashe muryar zuci, wato a daina furta kalmomi a zuci lokacin karatu. Gwaje-gwajen iyaka sun nuna ƙwaƙwalwa tana ɗauko sautin kalma tun kafin ido ya sauka a kanta, ko a wurin gwanaye. Ba ɗabi'ar yarinta ba ce da za a yaye.

Iyakar abin da na'ura ke faɗa

Kafin in zo kan ɗalibarki, ya kamata ki san inda wannan ilimi ya tsaya. Aikinmu kamar na mai bin sawu ne: ya ga inda aka tsaya, ya ga inda aka juya, amma sawu ba ya faɗin dalili. Doguwar tsayawa na iya zama wahalar kalma, ko mamaki, ko jin daɗin jimla, ko hankali ya tafi wani wuri. Na ƙarshen nan kowa ya san shi, ka kai ƙarshen shafi ka ga ba ka san me ka karanta ba. Reichle da abokansa sun nuna a 2010 cewa a irin wannan hali ido yana ci gaba da tafiya, sai dai tsayawarsa tana rage bin wahalar kalmomi. Sannan bambancin da muke aunawa na milisakan 20 ko 30 ne, ba ya fitowa sai an haɗa mutane da yawa da jimloli da yawa an ɗauki matsakaici. In na buɗe bayanan mutum ɗaya a kan jimla ɗaya, sau da yawa hargitsi nake gani. Kuma alƙaluman da na kawo miki galibi daga masu karanta Turanci ne, da yawansu ɗaliban jami'a, a zaune haɓa a kafe. Tsarin yana maimaituwa a wasu harsuna, lambobin kuwa suna canzawa da irin rubutu da tsawon kalmomi.

Game da ɗalibarki

Abin da kika gani a idonta shi ne abin da ake gani a wurin duk mai koyo. Yara suna daɗewa a kowace tsayawa, sau da yawa fiye da milisakan 300, tsallensu gajere ne, tagarsu ta fi ƙanƙanta, kuma komawa baya na iya kai kashi ɗaya cikin huɗu na motsinsu. Sai wajen shekara 11 zuwa 12 tsarin ke kama da na manya. Ki ba babban malami takardar fannin da bai sani ba, idonsa zai koma yin irin na yara. Ki ba yaro mai wahalar karatu rubutun da ya yi daidai da shi, idonsa zai daidaitu sosai. A farkon shekarun 1980 George Pavlidis ya yi iƙirarin cewa hargitsin motsin ido ne ke jawo matsalar karatu da ake kira disleksiya, amma wasu da suka maimaita gwajin ba su sami abin da ya samu ba. Inda hujja ta fi rinjaye a yau shi ne matsalar tana wajen haɗa harafi da sautinsa. A 2009 ƙungiyoyin likitocin yara da na ido na Amurka sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa babu hujjar atisayen ido yana maganin disleksiya.

Duk da haka, da ido za a fara, domin shi ne mafi sauƙin cirewa daga zargi. Akwai yaran da ke buƙatar tabarau ba a sani ba, akwai masu karkacewar ido, akwai waɗanda idanunsu biyu ke kasa haɗuwa a kan abu na kusa, sai haruffa su riƙa rabuwa biyu. Ki lura ko tana murza ido, ko rufe ɗaya da hannu, ko manna littafi a fuska, ko kukan ciwon kai bayan ɗan karatu, ko ɓata layi a kai a kai. Maimaita layin da kika ambata yana iya kasancewa daga nan, yana iya zama kawai dogon tsallen ƙarshen layi ne bai zauna mata ba tukuna. Ko babu alamun, ki ba iyayenta shawara a kai ta a auna, a kuma gaya wa likitan a karatu ne aka ga matsalar, don ya duba ganin kusa da haɗuwar idanu, kada a tsaya a allon haruffan bango.

In ido lafiya lau, akwai abin da za ki gwada a aji ba da wata na'ura ba. Ki karanta mata labari da bakinki ki yi mata tambayoyi. In ta amsa tsaf, fahimtarta kalau take, a wajen fitar da kalma daga haruffa ne ake cijewa. Sai ki rubuta mata kalmomin ƙarya masu bin tsarin harshe, irin su "lafu" ko "dimka", waɗanda ba za ta iya canka daga hadda ba. In ta yi tuntuɓe a nan, aikin da ke gabanki shi ne harafi da sauti da gaɓa, a hankali, kullum. In kuwa tana karanta kalmomin ba gargada amma labarin da kika karanta mata ma bai shige ta ba, to ƙarancin kalmomi ne ko harshen littafin ya yi mata nisa, kuma maganinsa hira da bayani da yawan sauraro.

Ki kuma tuna a karatun murya ido yana gaban baki. Guy Buswell ya auna wannan tazara a Jami'ar Chicago tun 1920, ya ga ta fi faɗi a wurin gwanaye. Tana cikin karatu ki ɗora takarda a kan shafin ba zato, ki ji kalma nawa za ta ƙara faɗa. In ta tsaya nan take, idonta da bakinta a kan kalma ɗaya suke, duk ƙarfinta a nan yake ƙarewa. In ta ƙara biyu ko uku, ta fara hangen gaba. Ki riƙa maimaita wannan lokaci-lokaci, zai nuna miki ci gaba tun kafin jarrabawa ta nuna. Wani ɓangare na komawa bayan da kike gani a karatun murya ma ido ne ya yi gaba ya dawo jiran baki.

Kada ki hana ta komawa, kada kuma ki hana ta bin layi da yatsa ko ɗora ma'auni a ƙarƙashinsa, za ta bari da kanta in ta daina buƙata. Ki ba ta rubutun da ta san kusan duk kalmominsa, ta karanta shi sau uku ko huɗu a kwanaki daban-daban, ki ga ko komawar tana raguwa. Ban ga yarinyar ba, ba zan iya yanke hukunci daga nesa ba. In an shafe zango guda ana wannan aiki a kai a kai, takwarorinta sun yi gaba ita tana nan, musamman in har yanzu kalmomin ƙarya suna kayar da ita, to a nemi masanin koyar da yara masu buƙata ta musamman ya yi mata cikakken gwaji, ki kuma haɗa masa da abin da kika rubuta na gwaje-gwajenki da sakamakon awon ido.